Maganin Dabba Ba Ya Ƙarewa a Jikin Dabba: Mu Sa Ido a Kan Takinmu

Tun da takin zamani ya yi tsada, da yawa cikinmu mun koma ga takin gida: kashin shanu, na tumaki da awaki, na aladu, da buhunan kashin kaji da ake sayowa daga gidajen gona. Wannan abu ne mai kyau. Takin gida yana sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa, ƙarfinsa kuma yana wuce shekara ɗaya a gona. Amma akwai wani abu da yake bin wannan taki zuwa gonakinmu wanda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji, wato ragowar maganin da aka ba dabbar. A wannan fitowa za mu duba yadda maganin yake shiga taki, abin da yake yi a can, yadda masana suke aunawa, da abin da mu kanmu za mu iya yi a ƙauye ba tare da kashe kuɗi ba.

Wane magani muke nufi?

Muna maganar antibayotik ne, magungunan da suke kashe ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Mun san su a kasuwa ko da ba mu san sunayensu ba. Akwai allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira LA, wadda sunanta oksitetirasaikilin. Akwai fenisilin da ake haɗawa da sitireftomaisin, fara kamar madara. Akwai tailosin, da enrofuloksasin, da magungunan salfa, da garin da ake zuba wa kaji a ruwan sha. Har kafso ja da yalo na mutane wasu sukan fasa su ba kaji.

Waɗannan magunguna suna da amfani ƙwarai idan cutar ta bakteriya ce, kamar kirci a jikin shanu ko ciwon hantsa. Ba sa kashe ƙwayar annobar kaji ta Niyukasil, ko annobar tumaki da awaki, ko ciwon baki da kofato, domin bairos ne yake kawo waɗannan. Ba sa maganin sammore, ba sa kashe tsutsar ciki. Duk da haka, a wurare da yawa da zarar dabba ta yi sanyi, allurar LA ce abu na farko da ake ɗauka.

Ina maganin yake tafiya?

Jikin dabba ba ya cinye maganin duka. Masu bincike sun nuna cewa kashi 30 zuwa kashi 90 cikin 100 na antibayotik yana fita ta fitsari da kashi, yawancinsa da sauran ƙarfinsa. Yawan abin da zai fita ya danganta da irin maganin, irin dabbar, da kuma ko allura aka yi ko a baki aka ba ta.

Bari mu yi lissafi. Ana ba da allurar LA mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Saniya mai kilo 250 za ta sami mil 25, a cikinsa akwai giram 5 na ainihin maganin. Ko da rabi ne kaɗai ya fita, giram biyu da rabi ke nan ya zuba a garke daga saniya ɗaya. A gidan kaji abin ya fi haka, domin ba a ware mai ciwo, kaji ɗari biyar ko dubu ake zuba wa magani a ruwa gaba ɗaya. Ruwan da ya zube da abincin da ya warwatse duk suna haɗuwa da kashin da garin katakon da aka shimfiɗa, a kwashe a zuba a buhu, a kai wa masu lambu.

Idan maganin ya isa ƙasa, kowane iri da halinsa:

• Fenisilin da danginsa suna saurin lalacewa.
• Tetirasaikilin, dangin LA, yana manne wa ƙasa da taki, yana iya yin watanni a wurin.
• Enrofuloksasin shi ma yana manne wa ƙasa, yana kuma cikin masu daɗewa.
• Magungunan salfa ba sa mannewa sosai. Ruwan sama yana wanke su zuwa rafi, kududdufi, ko rijiya marar zurfi.

Me ya sa abin zai dame mu?

Abu na farko, shuka tana iya tsotsar maganin. A shekara ta 2005 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun shuka kabeji, albasa mai ganye da masara a ƙasar da aka zuba wa taki mai magani, suka sami wani irin tetirasaikilin a jikin ganyayen. Abin da suka samu kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya kwantar da mutum ba. Amma ya tabbatar da cewa hanyar a buɗe take daga sirinji zuwa tukunyar miya.

Abu na biyu, ƙasa mai rai cike take da bakteriya masu amfani. Su ne suke ruɓar da ganye ya zama abincin shuka, su ne kuma suke zama a ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maganin bai san na kirki da mugu ba. Idan ya taru da yawa a wuri ɗaya yana iya rage aikinsu.

Abu na uku shi ne mafi girma. Idan bakteriya suka zauna cikin magani kaɗan kaɗan na tsawon lokaci, raunanan suna mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Kamar gonar da ake fesa wa maganin ciyawa iri ɗaya kowace shekara ne: wata rana sai ciyawar da ba ta jin maganin ta cika gonar. Bakteriya kuma suna iya miƙa wa junansu wannan taurin kai, har ga waɗanda ba danginsu ba. Cikin hanjin dabba da cikin tarin ɗanyen taki wurare ne da wannan yake faruwa sosai. Daga nan sai su bi hannun mai kwasar taki, ƙafar kaza, ƙuda, ruwan ban ruwa, ko latas da karas da ake ci ɗanye, su shiga jikin mutum.

Mu lura cewa magungunan dabbobi da na mutane 'yan gida ɗaya ne. Enrofuloksasin da ake ba kaji, jikin dabba yana juya wani sashensa ya zama sifrofuloksasin, wato sifro da ake ba mai taifot a asibiti. Idan ƙwayar cuta ta saba da na kaji, tana iya ƙin jin na asibiti. A shekara ta 2015 a ƙasar Sin an gano wani irin taurin kai ga maganin kolistin, wanda likitoci suke ajiyewa sai sauran magunguna sun kasa. An same shi a aladu, a nama a kasuwa, da kuma jikin marasa lafiya. A 2017 ƙasar ta hana zuba wannan magani a abincin dabbobi don ƙiba.

Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ba ta jin magani. In aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Babban dalilin wannan shi ne yadda mutane suke shan magani barkatai da ƙarancin tsabtataccen ruwa, amma kiwo da taki suna da nasu kaso. Wannan kason yana hannunmu.

Yadda masana suke aunawa

Hanya ta farko matanmu masu nono sun riga sun san tushenta. Idan aka tatsi saniyar da aka yi wa allura kwanan nan, sau da yawa kindirmo ba ya kamawa, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da suke sa madara ta yi tsami. A ɗakin bincike ma haka ake yi. Ana shuka wata bakteriya da aka sani a ɗan faranti, a ɗiga ruwan da aka tace daga samfurin. Idan bakteriyar ta ƙi tsirowa kewaye da ɗigon, akwai alamar magani. Wannan gwaji yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya faɗin sunan maganin ko yawansa daidai.

Hanya ta biyu tana bukatar babbar na'ura. Ana jiƙa takin da wasu sinadarai don a ciro maganin, a tace, sai na'urar ta rarrabe abubuwan da ke ciki ta gane kowane magani da nauyinsa. Tana iya gano abu ƙanƙani ƙwarai. Misali, hukumar Kodeks, wadda take sa ma'aunin abinci na duniya, ta ce kada tetirasaikilin ya wuce maikirogiram 100 a litar madara. Wannan daidai yake da giram 1 a cikin duro 50 na ruwa masu lita 200. Ma'aunin Kodeks ya shafi nama, madara da ƙwai ne, bai shafi taki ba. Na'urar tana da tsada, sai a manyan ɗakunan bincike ake samunta.

Idan wata ƙungiyar manoma tana so a gwada takinta, ta fara tuntuɓar likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha, ko sashen koyar da likitancin dabbobi na jami'a mafi kusa, kamar na Zariya, Jos, Makurɗi, Maiduguri ko Sakkwato. Su za su faɗi inda za a kai da abin da za a biya. Ga yadda ake ɗaukar samfuri mai kyau:

1. A ɗebo kaɗan kaɗan daga wurare kamar goma a tarin: sama, tsakiya, gindi da gefe.
2. A gauraya su a bokiti mai tsabta, a ɗebi kamar rabin kilo a sabuwar leda.
3. A rubuta kwanan wata, irin dabbar, maganin da aka ba ta, da tsawon kwanakin tarin.
4. A sa a wuri mai sanyi, nesa da rana, a kai da wuri.

Ya fi amfani a ɗauki samfuri biyu, ɗaya na ɗanyen taki, ɗaya bayan ya ruɓe, domin a ga ko aikin ruɓarwar yana ci.

Sa ido irin namu na ƙauye

Yawancinmu ba za mu taɓa kai taki ɗakin bincike ba. Amma abin da na'ura take nema, mai dabba ya riga ya sani, domin shi ya sayi maganin, shi ya riƙe dabbar aka yi mata allura. Abin da ya rage shi ne kada wannan sani ya ɓace. Abubuwa uku za su taimake mu.

Na ɗaya, littafi. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. A ja layi shida: kwanan wata, wace dabba, sunan magani, yawan da aka ba ta, ranar da kwanakin jira za su cika, da inda aka kai kashinta. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, ko sakataren ƙungiya. A ajiye kwalbar ko takardar maganin tare da littafin.

Kwanakin jira su ne kwanakin da za a ƙirga bayan magani na ƙarshe kafin a yanka dabba, a sha madararta, ko a ci ƙwanta. Ana rubuta su a jikin kwalba. Ga allurar LA, na nama yakan kai mako uku zuwa huɗu ko fiye, ya danganta da kamfanin. An sa waɗannan kwanaki ne domin nama da madara, amma suna yi mana jagora a kan taki ma: muddin magani yana jikin dabba, yana fita ta kashi da fitsarinta, musamman a kwanakin farko.

Na biyu, warewa. Dabbar da ake yi wa magani a kafa mata turke dabam, a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa ya tsotse fitsarin. Kashinta da shimfiɗar a tara su wuri na dabam har kwanakin jira su cika. Wannan tari shi ne zai fi daɗewa kafin ya je gona, kuma gonar masara ko dawa za a kai shi, ba lambun ganye ba. Warewar tana kuma hana cutar yaɗuwa cikin garke.

Na uku, tambaya. Mu da muke sayen kashin kaji domin dankalin turawa, kabeji, tumatir da attarugu, mu saba da tambayar mai gidan gona: Yaushe aka ba kajin magani na ƙarshe? Wane iri? Yaushe aka kwashe kashin? Idan ta hannun dillali muka saya ba mu sami amsa ba, mu ɗauka akwai magani a ciki, mu ruɓar da shi kafin mu zuba. Masu ba shanu kashin kaji da rani, da masu zuba shi ɗanye a tafkin kifi, su ma su sani cewa maganin yana bin wannan hanya ya dawo cikin abincinmu.

Ruɓar da taki da zafi

Tarin taki da aka haɗa daidai yana yin zafi da kansa. Zafin da ƙwayoyin da suke ruɓarwa suna lalata yawancin maganin, suna kashe ƙwayoyin cutar gudawa, ƙwan tsutsa da irin ciyawa. A wani gwaji da aka buga a 2008, shi ma daga Minesota, an ruɓar da kashin talotalo na kwana 35. Tetirasaikilin ɗin da ke ciki ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Tailosin ya ragu da fiye da rabi. Amma wani maganin salfa bai ragu ba. Darasin a fili yake: ruɓarwa tana taimako ƙwarai, amma ba ta wanke komai.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu zaɓi wuri mai inuwa, a kan tudu, aƙalla taki 30 na babban mutum daga rijiya ko rafi, kuma ba ta saman gangaren da yake zuba cikinsu ba.
2. Mu shimfiɗa yankakken kara ko busasshiyar ciyawa, mu zuba kashin dabba a kai, mu sake zuba busasshen ganye, haka har tarin ya kai ƙirjin mutum. Faɗinsa ma ya kai haka. Ƙaramin tari ba ya riƙe zafi.
3. Mu yayyafa ruwa a kowane hawa. Idan aka damƙa a hannu ya dunƙule amma ruwa bai tsiyaya ba, ya yi daidai.
4. Mu soka rodi ko doguwar sanda har tsakiya mu bar ta. Bayan kwana uku mu zare mu taɓa. Idan ta yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, tarin yana aiki. Zafin da ake nema shi ne digiri 55 ko fiye. Idan sandar da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko kashin dabbar bai isa ba.
5. Mu juya tarin, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kwana 15 cikin wannan zafi tare da juyawa sau 5. Mu ma mu yi ƙoƙarin juyawa bayan kowane kwana uku ko huɗu a makonnin farko.
6. Mu rufe da zana ko ciyawa domin ruwan sama kada ya wanke shi.
7. Idan zafin ya sauka, mu bar shi ya huta. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa, ba za a gane kashi a ciki ba.

Mu rubuta ranar haɗa tari da ranakun juyawa a littafin nan. Bayan aikin mu wanke hannu da sabulu, mu hana yara wasa a wurin. Shanya kashi a rana ya bushe ba ruɓarwa ba ne. Busasshen kashi yana iya riƙe maganinsa har ruwa ya taɓa shi a gona.

Idan dole ne a zuba ɗanye

Wani lokaci damina tana kama mu babu ruɓaɓɓen taki. In haka ta faru, mu zuba da wuri, mu juya shi cikin ƙasa. Dokar noman da ba a sa takin zamani a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da yake taɓa ƙasa, kamar karas, latas da dankali, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓa ƙasa, kamar masara. An yi dokar ne domin ƙwayoyin cuta, amma jiran yana ba maganin lokacin raguwa. Alayyafo da latas ba sa kai waɗannan kwanaki a lambu, saboda haka ruɓaɓɓen taki kaɗai ya dace da su.

Rigakafi ya fi magani

Maganin da ba a ba dabba ba, ba zai shiga taki ba. Tun 1 ga Janairu 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don su yi saurin girma. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a daina ba lafiyayyun dabbobi antibayotik a kai a kai, a wannan shekarar kuma Najeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani. Namu aikin shi ne:

• Mu yi wa dabbobi allurar rigakafi a kan lokaci. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin annobar kaji, ta tumaki da awaki, da ciwon huhun shanu.
• Mu share akurki da ɗakin aladu, mu ba da ruwa mai tsabta, mu guji cunkoso.
• Sabuwar dabba daga kasuwa ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga garke.
• Mu nemi likita ko malamin dabbobi kafin mu sayi magani. Mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.
• Idan an fara magani a ba da cikakke, a cika kwanakin da aka faɗa.
• Ragowar magani da kwalabe kada su shiga juji ko rafi. A mayar wa likitan dabbobi, ko a binne da zurfi nesa da ruwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rafi ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, takin maƙwabci kuma yana iya gangarowa rijiyarmu. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon faɗakarwa a kan wannan matsala a duniya. Lokacin ya yi daidai da shirin noman rani, ya dace ƙungiyoyinmu su zauna su duba littattafansu da tarin takinsu.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon zumuntar mata, matasa da ƙungiyoyin manoma su karanta wannan tare, su tattauna:

1. Waɗanne magunguna aka fi ba dabbobi a ƙauyenmu, wa yake ba da shawarar sayensu?
2. Daga ina takin lambunanmu yake fitowa? Mun san abin da aka ba dabbobin?
3. Akwai garke, ɗakin aladu ko juji kusa da rijiyar da muke sha?
4. Wa zai riƙe littafin magani ga gidajen da ba su da mai rubutu?
5. Gidaje nawa za su haɗa hannu su yi tarin taki ɗaya na gwaji kafin noman rani mai zuwa, a filin wa, kuma wace rana za a fara?